Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamna Uba Sani: A Gwada Yaranmu A Gaban Kwamfuta Kafin A Tambaye Su Kwali

Assalamu alaikum. Mai Girma Gwamna, ranka ya daɗe, barka da ƙoƙari, Allah ya yi riƙo da hannunka. Daga Tudun Wadan Zariya nake rubuto maka, kuma magana ɗaya ce ke tafe da ni.

Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana aji biyu a jami'a aka shiga yajin aikin ASUU na 2022, wanda aka fara a Fabrairu, ba a janye ba sai Oktoba. Wata takwas ɗin nan bai ƙarar da su a teburin mai shayi ba. Tsohuwar laftof ɗina ya ɗauka, wadda batirinta ya mutu, sai an jona take tashi, ya duƙufa koyon rubuta manhaja. In ƙarfe biyun dare aka kawo wuta, ƙarfe biyun dare zai tashi. In an kwana biyu babu, sai ya tafi shagon wani mai POS da ke da sola, ya zauna a kan benci da kwamfuta a cinya har magariba. Ya fara da yaren rubuta manhaja na Python, ya ƙara da na JavaScript. Kafin a koma makaranta Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa, nauyin gida ya faɗo kanmu, karatunsa ya tsaya a nan.

Bara wani ɗan kwangila ya samu aikin haɗa wa wata hukuma manhajar adana bayanan ma'aikata. Ba zan kama sunan hukumar ba, don ba ita kaɗai ke haka ba. Ɗan kwangilar ko layi ɗaya bai iya rubutawa ba, sai ya nemo ƙanena. Wata uku yaron ya yi a kan aikin. Aka karɓa, aka yaba, har yau da ita ake aiki. Bayan 'yan watanni hukumar ta buɗe shafin ɗaukar ma'aikata, har da gurbin wanda zai riƙa kula da wannan manhajar. A gabana ya fara cike fom. Suna, shekaru, ƙaramar hukuma, duk ya wuce. Sai ga gurabe biyu masu jan tauraro: matakin digiri, da lambar takardar bautar ƙasa. In ba ka cike su ba, shafin ba ya matsawa gaba. Duk tsawon fom ɗin babu inda aka ce nuna mana aikin da ka taɓa yi. Ya jima yana kallon allon, sannan ya rufe laftof ɗin ya ce, "Yaya, bari in je masallaci." Ko la'asar ba a kira ba.

Har gobe in manhajar ta ba da matsala, ta hannun ɗan kwangilar ake nemansa. Ya gyara, a ba shi na data.

Wannan shi ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, ranka ya daɗe. Kullum ana gaya wa matasa su koyi sana'a, su daina jiran kwali. Ranar da aka rantsar da Shugaba Tinubu, 29 ga Mayu 2023, ya sake jaddada alkawarin ayyuka miliyan ɗaya a fannin fasahar zamani. A shekarar aka ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da mutum miliyan uku. Kai da kanka ka gina cibiyoyin koyon sana'a a Rigachikun da Soba da Samarun Kataf. Yara sun ji kira, sun amsa. To in sun koya, ina za su kai abin da suka koya, tunda gwamnatin da ta ce su koya ita ce ke tsayar da su a bakin ƙofa? Mai digiri ya shiga aiki a mataki na 8. Wanda ya fi shi iya aikin, in ma an bar shi ya shiga, da takardar sakandarensa za a auna shi, a ajiye shi can ƙasa.

Kuma Kaduna ce ta fi kowace jiha sanin cewa takarda daban, iyawa daban. A 2017, lokacin kana cikin gwamnati a matsayin mai ba da shawara, aka yi wa malaman firamare jarrabawa, sama da 21,000 suka rasa aikinsu. Nan Zariya mun san gidajen da abin ya girgiza, kuma har yau akwai masu ganin an yi gaggawa. Amma hujjar da gwamnati ta kafa a lokacin ita ce takardar da ke hannun mutum ba ta isa shaida ba, sai an gwada. To in jarrabawa ta isa ta fitar da mai takarda daga aiki, me zai hana ta shigar da marar takarda?

Kada a ɗauka ina raina digiri. Ina da shi, a kimiyyar kwamfuta ma, kuma garin da Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962 ba garin raina boko ba ne. Na san abin da ya ba ni. A aji na fahimci dalilin da manhajar da ke gudu da sunaye ɗari take sandarewa idan sun kai dubu ɗari. Ƙanena ya taɓa cin karo da wannan, aikinsa ya yi nauyi, ya rasa gane kansa, ni na zaunar da shi na nuna masa yadda ake yi wa rumbun bayanai fihirisa. Wanda ya koya da kansa yakan bar irin waɗannan ramuka, musamman a lissafi da tsaron bayanai, kuma wanda ke son zurfafa bincike ko ƙaro karatu a waje ba makawa sai da digiri. Shi ya sa nake matsa masa ya ƙarasa nasa, ko da a buɗaɗɗiyar jami'a ta NOUN ne. Amma na kuma san abokan karatuna da suka fita da sakamako mai kyau, in ka aje musu kwamfuta ka ce su haɗa shafin rajistar ɗalibai, sai zufa.

Ba a ce a ɗauki likita da gwaji kawai babu takarda ba, ba za ka miƙa wa mutum majinyaci don ka ga ko ya iya ba. Rubuta manhaja kuwa abin gwadawa ne cikin sauƙi. Ka ba mutum kwamfuta da matsala da awa uku, ka leƙa shafinsa na GitHub, inda masu rubuta manhaja ke adana ayyukansu, ka ga abin da ya gina a baya, ka sa ya yi maka bayanin dalilin kowane layi. Da wuya a yi maguɗi a nan. Kamfanoni irin su Google da IBM sun daɗe da cire sharaɗin digiri a ayyukansu da dama. In an ce ai su 'yan kasuwa ne, to jihar Maryland ta Amurka ta cire shi daga dubban ayyukan gwamnatinta a 2022. Gwamna ne ya yi, da ikon da yake da shi a kan ma'aikatan jiharsa.

Ga kuma 'yan HND, wato babbar difloma ta kwalejojin kimiyya da fasaha. Kai ka fito daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ka san wannan ciwon. Kana Majalisar Dattawa a 2021 aka amince da ƙudurin kawar da bambanci tsakanin HND da digiri, ba a sa masa hannu ba. Yaran kwalejin Nuhu Bamalli ta nan Zariya da ka rage wa kuɗin makaranta a 2023 suna fitowa suna tarar da wannan katangar.

Don Allah, ranka ya daɗe, abin da nake roƙo bai kai a gina komai ba. Ka umarci Shugaban Ma'aikata da hukumar ɗaukar ma'aikata ta jiha su gyara sharaɗin guraben aikin kwamfuta: digiri, ko HND, ko cin gwajin aiki a gaban kwamitin da ya san abin. Wanda ya ci, a ba shi matakin da ya dace da aikin da zai yi. Ƙananan kwangilolin manhaja kuma a bar masu rubutawar su nema kai tsaye. Maganar wuta da tsadar data na bar ta sai wani jiƙon.

Satin da ya wuce wani kamfani a Legas ya yi wa ƙanena gwaji ta intanet. Ba su tambaye shi inda ya yi karatu ba, kuma ya ci. Sun ce ya koma can da zama. Mahaifiyarmu ba ta so, shi ma ba ya so ya bar ta, ni kuma na rasa hujjar da zan ba shi ya tsaya. Sun ba shi zuwa ƙarshen wata ya ba su amsa.

Wassalam.

Naka,
wani mai rubuta manhaja,
Tudun Wada, Zariya.