Katako a bakin matakala bai isa shigar da nakasassu taron al'adu ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin mu ja hankalin masu shirya wasan kwaikwayo, baje kolin zane-zane da bukukuwan kiɗa. Sashe na 30 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu, ta 2006, ya ba su damar shiga harkokin al'adu kamar kowa. Wajen aiwatarwa ake yin tuntuɓe.

Galibi sai a jingina katako a kan matakala, a ce an yi wa masu keken guragu hanya. Ƙa'idar gangare ita ce, duk tsayin santimita 1 a ba shi tsawon santimita 12. Dandamali mai tsayin santimita 45 ke nan yana buƙatar gangaren mita 5 da santimita 40. In aka gajarta shi, keken kan kife ta baya wajen hawa, ko ya ƙwace wajen sauka. A sa ƙarfen riƙewa hagu da dama, da ɗan tudu a gefe don kada taya ta zame. Faɗin ƙofa ya kai santimita 90, filin juya keke mita ɗaya da rabi, har cikin banɗaki. Ƙofar banɗakin kuwa waje za ta buɗe, domin in ciki take buɗewa kuma mutum ya faɗi, jikinsa ne zai tokare ta. Kada kuma a ajiye mai keke bayan 'yan tsaye, bayansu kawai zai kalla.

Kurame na buƙatar mutum biyu masu fassarar maganar hannu, suna karɓar juna duk bayan minti 20 ko makamancin haka, saboda gajiya na jawo tsallake magana. A ba su rubutun wasan tun da sauran kwanaki. Kuskuren da aka fi yi shi ne kashe fitilun zaure har da ta kan mai fassara, alhali da hannu da fuska yake magana.

Makafi kuma a samar musu mai bayyana abin da ke gudana, ya riƙa magana a tsakanin kalaman 'yan wasa. A manne wayoyin lantarki a ƙasa, a cire allunan da ke reto daidai kai, sanda ba ta gano su. Sanarwar taron ma kada ta tsaya a hoto, manhajar da ke karanta wa makaho waya rubutu take bi.

Wassalam,
Wasu masu tsara gine-gine da masu fassarar maganar hannu