Wasiƙa zuwa ga abokina, a kan fankar falo

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Shirun ya yi yawa, kuma kafin ka ɗora min laifi ka tuna wanda ya rubuto na ƙarshe. Dama batun littafina da ka tafi da shi nake son in tambaye ka, amma tsaya ka sha labari tukuna.

Na ɗaura fankar sama a falo, ni da kaina. E, ni ɗin da kake cewa ko ƙwan fitila ban iya canjawa ba. Autanmu ne ya riƙe min tsani, uwargida kuma tana bakin ƙofa tana salati.

Haɗin ba wani abin tsoro ba ne. Waya uku ce ta sauko: mai ruwan ƙasa wadda ke ɗauke da wuta, shuɗiya ta nutural, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, sai kore da rawaya ta ƙasa, wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen fankar. Mai wutar ce ya kamata ta bi ta makunni, ta wuce regileta mai rage ko ƙara gudun fanka, sannan ta iso sama. To nan na ga abin da ya hana ni barci. Na kashe makunnin bango, na kai tasta, abin gwada ko akwai wuta, kan wayar don in tabbatar, sai ga ta ta kawo ja. Ashe wanda ya yi wayarin ɗin gidan a kan nutural ya sa makunnin! Ka kashe, fanka ta tsaya, ka ɗauka ba komai, alhali wuta na zaune a sama tana jiran mai hawa tsani. Shekara da shekaru yara na goge tsohuwar fankar da jiƙaƙƙen tsumma. Da na tuna haka sai da na sauko na zauna. Na je na kashe babban makunnin gidan gaba ɗaya, na mayar da wayoyin yadda ya dace. Don Allah kai ma ka gwada naka, kada ka yarda da launin waya kawai, tasta ce shaida. Kai da wuta ta taɓa jefo ka daga kan kujera a ɗakinmu na makaranta ai ba ka buƙatar wa'azi. Har yau in na tuna ihun nan sai na yi dariya.

Ƙugiyar ma na canja ta, domin a jikin allon silin aka maƙala ta. Na kafa sabuwa a jikin katakon rufi, na ɗaure noti tam, na zura ɗan fil ɗin ƙarfen nan da ke hana shi warwarewa. Fukafukan kuma ba a gauraya su da na wata fanka, nauyinsu ɗaya aka auna, in ka haɗa da baƙo sai ta yi ta rawa.

Tsohuwar fa, wadda sai an tura ta da sanda take tashi, tana gunji kamar tsohon da aka tasa daga barci? Kafasita, wato abin da ke tayar da fanka, ce kawai ta mutu, 'yar ƙarama mai lamba 2.5. Na sa sabuwa, yanzu tana ɗakin yara tana gudu. Surukina ya so ya ɗauke ta a matsayin bola, ya makara.

Af, ka ji angonmu ya sake sayen babur? Na uku ke nan, kuma har yanzu bai biya ni kuɗin tayar na farkon ba. Ya ce in ka zo shi zai ɗauko ka daga tasha. Ni dai shawarata ka taho da ƙafa.

Ka gaishe min da madam da yara, musamman takwarana.

Naka har kullum,
Abokinka