Kafin ka karɓi aikin nan, sake karanta ƙarshen Macbeth

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Mahaifiyarka tana gaishe ku.

Saƙonka ya iso ni a kan wasan kwaikwayon da wani babban mutum yake so ka rubuta game da kakansa, shi zai ɗauki nauyin komai. Ka ce ba ka ga abin damuwa ba, tunda Shakespeare ma a inuwar sarki ya rubuta Macbeth. Haka ne. Amma tunda da shi ka kafa hujja, ina so ka san abin da ya biya a kan wannan inuwa, da abin da ya ƙi sayarwa.

Sarauniya Elizabeth ta rasu a watan Maris na 1603 ba ta bar ɗa ba, sarautar Ingila ta koma hannun James, wanda tun yana goye aka naɗa shi sarkin Sikotilan. A watan Mayu na wannan shekara ya ɗauki ƙungiyar 'yan wasan su Shakespeare ta zama tasa, ana kiran su mutanen sarki. A 1604 har jan yadi aka yanka musu na ɗinkin kayan fada. Sun samu rufin asiri, musamman da yake annoba takan sa a rufe gidajen wasa na Landan watanni da yawa. Tsoro kuma yana nan tare da alherin. A ƙarshen 1604 ƙungiyar ta yi wasa a kan wani yunƙurin hallaka James da aka yi a 1600, aka nuna shi sau biyu, wasu manyan fada suka ɓata rai, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. A 1605 aka kulle marubutan wasa Ben Jonson da George Chapman saboda wani wasa da aka yi wa mutanen Sikotilan ba'a a cikinsa.

Ka kuma duba mutumin da ake yi wa rubutun, wato Sarki James. An kashe mahaifinsa a 1567, an sare kan mahaifiyarsa a 1587, sannan a watan Nuwamba na 1605 aka gano gangunan albarushi a ƙarƙashin majalisa, da nufin a tashe shi tare da manyan ƙasa. Shi da kansa ya wallafa littafi a kan tsafi da maita a 1597. To wajen 1606 sai ga wasa a kan Sikotilan, da matsafa mata uku, da kisan sarki cikin dare. Ba sai an gaya maka don wa aka dafa ba.

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma Shakespeare ya yi askin. A littafin tarihi na Holinshed, inda ya ɗebo labarin, wani hakimi mai suna Banquo yana cikin waɗanda suka haɗa baki da Macbeth aka kashe Sarki Duncan. Gidan su James kuwa suna cewa daga Banquo suka fito. Sai Shakespeare ya cire hannun Banquo daga kisan, ya kuma sa matsafan suka nuna jerin sarakuna takwas daga tsatsonsa, na ƙarshe riƙe da madubi mai nuna wasu da yawa suna tafe. Duncan, wanda Holinshed ya nuna a matsayin sarki mai rauni, ya zama dattijo mai tsarkin zuciya. Macbeth na gaskiya kuma a fagen yaƙi ya ga bayan Duncan a 1040, ba a kan gadon baƙunta ba. Ya yi mulki shekara 17, ƙasar ta zauna har ya iya barin ta ya tafi ziyarar ibada birnin Rum a 1050. Yau duniya ba ta san shi ba sai a matsayin wanda ya yanka baƙonsa yana barci. A wurina wannan zalunci ne, kuma kyan wasan bai wanke shi ba. Mamaci ma yana da haƙƙi.

Yanzu ka buɗe ƙarshen wasan, ka karanta a hankali. Daga nesa, ƙarshe ne da kowane sarki zai yi barci mai daɗi a kansa. Sojoji sun sari rassan dajin Birnam sun rufe kansu, dajin ya taso wa Dunsinane, fadar Macbeth, alhali matsafan sun ce masa ba za a ci shi da yaƙi ba sai dajin ya taso. Sun kuma ce wanda mace ta haifa ba zai iya cutar da shi ba, sai ga hakiminsa Macduff ya bayyana cewa ba haifarsa aka yi ba, farke cikin uwarsa aka yi aka ciro shi, sai layar da Macbeth ya dogara da ita ta karye. Macduff ya shigo da kan Macbeth a hannu, Malcolm ɗan Duncan ya karɓi sarauta, ya ba hakimansa sabuwar sarauta irin ta Ingila, ya gayyaci kowa naɗi a Scone, inda ake naɗa sarakunan Sikotilan. Rundunar Ingila ce ma ta taimaka masa, abin da zai yi wa James daɗi, shi da yake ta fama ya haɗe ƙasashen biyu.

Amma ka tuna yadda wasan ya fara. An buɗe shi da labarin wani jarumi da ya kashe ɗan tawaye ya kafa kan ɗan tawayen a kan ganuwa, sarki ya yaba masa ya ƙara masa sarauta. Jarumin nan Macbeth ne. An rufe da wani jarumin riƙe da kai, wani sarkin yana rabon sarauta. Wanda ya kalli wasan da idon basira zai tambayi kansa me ya canza. Donalbain, ƙanen Malcolm, ya gudu tun tsakiyar wasa, ba ya cikin masu mubaya'a, kuma a tarihi shi ya hau gadon bayan mutuwar Malcolm a 1093, ya ture 'ya'yan yayansa. Fleance ɗan Banquo ma bai dawo ba, alhali an yi wa zuriyarsa alkawarin sarauta. Matsafan kuwa babu wanda ya kama su. Shi kansa Banquo an bar masa ɗan tabo: ya zargi Macbeth a ransa, ya yi shiru, yana fatan nasa rabon ya tabbata.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wannan. A 1598 James ya rubuta cewa talakawa ba su da ikon ɗaga hannu a kan sarki ko da azzalumi ne, sai dai su yi haƙuri su kai kuka ga Allah. Ga ɗan wasansa ya kawo sarkin da aka naɗa a Scone, ya sa hakiminsa ya sare masa kai, jama'a suna murna. Ana iya cewa ai ɗan ƙwace ne, kuma da wannan ƙofa ya fita. Duk da haka ya nuna abin a fili. Malcolm ya kira Macbeth mahauci, amma mu da muka ji shi lokacin da aka gaya masa matarsa ta mutu, yana cewa rayuwa ta zame masa surutu marar ma'ana, mun san mutum ne ya lalace a gabanmu. Mafi nauyin magana a bakinsa aka sa ta, ba a bakin wanda ya yi nasara ba.

Ba na ce kada ka karɓi aikin ba. Kana da iyali, kuma rubutu sana'a ce, ba kunya a ci abinci da ita. Abin da nake tsoro shi ne ka yi askin ya wuce inda ka yi niyya, ba tare da ka lura ba. Kuma naka ya fi nasa haɗari. Macbeth ya yi kusan shekara 550 a kabari kafin Shakespeare ya rubuta wasan da ya ɓata masa suna. Mutanen da kakan maigidan naka ya yi rigima da su kuwa, jikokinsu suna nan, kuna haɗuwa a masallaci da wurin ɗaurin aure.

Don haka kafin kuɗi su shiga hannunka, ka tambaye shi a gaban shaida wa ke da maganar ƙarshe a kan rubutun. Ka gaya masa za ka yabi kakansa da duk abin da ya aikata na alheri, za ka iya yin shiru a kan abin da ba dole ba ne a faɗa, amma ba za ka ɗora wa wani laifin da bai yi ba. Ka je wurin dattawan ɗaya gidan ka ji nasu labarin, ka ba kakansu magana mai nauyi a wasan. In ya ƙi yarda da wannan, ka dawo masa da aikinsa cikin ladabi, ni zan ɗauki kuɗin makarantar yara na wannan zango.

In ka samu sarari ka zo ƙarshen wata da takardar yarjejeniyar, mu duba ta tare kafin ka sa hannu. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka