A bar ɗaliban ungozoma su taɓa aiki da hannunsu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan yadda ake horar da 'yan matan da za su karɓi haihuwar 'ya'yanmu da jikokinmu. Ni ungozoma ce. Na yi shekara 35 a asibitocin gwamnati kafin in yi ritaya, yawancinsu a ɗakin haihuwa, ɗalibai suna wucewa ta hannuna rukuni bayan rukuni.

A shekarata ta ƙarshe, wani dare muna aikin kwana ni da wata yarinya da aka turo mana sabuwa, ta gama makaranta da sakamako mai kyau. Mata biyu suka zo da naƙuda kusan lokaci guda. Na bar mata mai ciki na huɗu, ni na tsaya kan mai haihuwar fari. Can sai na ji ta ƙwala kira, "Sista! Sista!" Na iske jariri a kan zani, jiki a sake, ba kuka ba motsi, ita kuma hannunta sai rawa yake. Jakar hura iska tana rataye a bango, taku biyu daga inda take tsaye. Na goge shi, na gyara masa kai, na ɗora masa marfin a kan hanci da baki, na fara matsawa ina kallon ƙirjinsa yana ɗagawa. Allah Ya sa da sauran kwana, ya tsanyara kuka.

Da gari ya waye na ce mata, "'Yata, ba a koya muku wannan ba?" Ta karanto mini matakan ɗaya bayan ɗaya babu kuskure, har da cewa jaririn da bai yi numfashi ba, a cikin minti ɗaya na farko ake fara hura masa iska. Sannan ta sunkuyar da kai ta ce, "Wallahi Sista, ban taɓa riƙe jakar ba." Ashe makarantarsu tana da 'yar tsanar koyo, amma a kulle take cikin kabad, ba a fito da ita sai ranar da baƙi za su zo duba makaranta.

Ban ga laifin yarinyar nan ba ko kaɗan. Kowace ɗaliba tana da littafin da ake sa mata hannu a kan haihuwar da ta karɓa da awon cikin da ta yi. To amma idan aka turo ɗalibai 20 ɗakin da ke da gadon haihuwa uku, ma'aikatan da ke bakin aiki su biyu, wa zai tsaya a kan wa? Sai ka gan su jere jikin bango cikin farin kaya suna kallo, ana aikensu ɗauko fayil. Ranar ƙarshe a kawo littafi ana roƙo, "Mama, a taimaka a sa hannu." An sha kawo mini. Wadda ban ga hannunta a kan aiki ba, ba na sa mata, har wasu suka riƙa kirana mai tsanani. Na gwammace hakan, domin na san inda za ta je.

Ƙauye za ta je. Shirin Women for Health da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2012 a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe ya ɗebo 'yan matan karkara, har da matan aure, ya share musu hanyar shiga makarantun jinya da ungozoma don su koma su yi wa garuruwansu aiki. Abin a yaba ne, kuma na ga amfaninsa. Sai dai a ƙaramin asibitin ƙauye babu likita, babu Sistar da za a ƙwala wa kira. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 512 ne ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000, kuma kashi 43 cikin 100 ne kawai na haihuwa ake yi a hannun ƙwararru. Muna ta kiran mata su zo asibiti. Idan suka amsa, wajibi ne su tarar da wadda ta iya.

Ɗauki zubar jini bayan haihuwa, wanda ya fi komai kashe mana masu jego. Duk ɗaliba za ta gaya maka rabin lita shi ne iyaka. Amma jinin da ya jiƙa zani ya gangara ƙarƙashin gado, ido yana raina shi, har mu tsofaffin hannu. A 2023 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarenmu. Ana shimfiɗa leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa, da zarar jini ya kai alama sai a murza mahaifa, a ba da oksitosin, wato allurar da ke sa mahaifa ta tsuke, da maganin tsayar da jini, a sa ƙarin ruwa, a duba ko an samu yagewa, duk a tare, ba a jira wannan ya gaza kafin a gwada wancan. Mummunar zubar jini da illolinta suka ragu da kashi 60 cikin 100. Wannan aikin hannu ne da sauri. Sai an maimaita shi sau da yawa, da agogo, kafin ya zauna.

Haka ma kula da jariri. Yadda za ki ɗora bakwaini a ƙirjin uwarsa ki ɗaure shi da zani ya sha ɗumi, da yadda za ki lallashi kaka ta bar gasa cibiya da tsumma ta karɓi maganin shafawa na asibiti, ta bar jariri ya sha dakashi, ta haƙura da ba shi ruwa har wata shida, ba tare da kin ci mata fuska ba, duk a gefen gado ake koyonsu daga bakin babba.

Roƙona ga Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta ƙasa da kwamishinonin lafiya na jihohinmu: a daidaita yawan ɗaliban da ake ɗauka da yawan gadajen da za su koyi aiki a kai. A buɗe kabad ɗin nan, kayan koyo su tsufa a hannun ɗalibai. Sannan a ware wa kowane ɗakin haihuwa malamar da ba ta da wani aiki sai tsayawa a kan ɗalibai. In ana kukan ƙarancin ma'aikata, ga mu nan masu ritaya zaune a gida da ƙarfinmu. Ni dai zan iya zuwa kwana biyu a mako, in an ba ni kuɗin mota da ɗalibai biyar.

Wassalam.

Ungozoma mai ritaya,
daga Jihar Katsina