Ga samarin da suka fara aski da aska: kada ku bi santsi

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da samarin da suka fara sayen aska suna yi wa kansu gyaran fuska a gida. Ni wanzami ne, gado na yi, kuma kwanan nan yara na yawan tsayawa a rumfata don in duba musu askar da suka sayo, ko ƙurajen da suka feso musu a wuya. Na san abin da ya kai su: wuta babu, mai shago ya ƙara kuɗi saboda man janareta, ga tsoron kilifar da ta bi kawunan jama'a tun safe. Ban ga laifinsu ba. Inda nake da ja shi ne malaman da suka ɗauka, wato bidiyon Turawa da suke kallo a waya.

Bature zai nuna maka ya bi fuskarsa sau uku. Da farko ya bi kwanciyar gashi, sai ya gitta, daga ƙarshe ya tayar wa gashin har fatar ta yi sumul. Shi gashinsa miƙaƙƙe ne, in ya tsiro waje yake fitowa abinsa. Namu murɗaɗɗe ne. In aka yanke shi ƙasa da bakin fata, tsinin kan lanƙwasa ya soki naman daga ciki, ko ya fito ya juyo ya sake nutsewa. Jiki sai ya ɗauke shi kamar ƙaya, wurin ya kumbura, ya ɗuri ruwa, ya warke da baƙin tabo. Wasu ma tabon tudu yake yi, kuma ba ya bajewa. Asalin ƙurajen aski ke nan, ba wai askar ce ba ta karɓe ka ba kamar yadda ake faɗa a majalisa.

Saboda haka, ɗana, kafin ka taɓa aska, bar gashin ya kwana biyu, ka shafa da yatsa ka gane inda kowane sashe ya kwanta. A kumatu yawanci ƙasa yake kallo, amma a wuya kowa da nasa: na wani gefe yake yi, na wani juyawa yake kamar guguwa. Inda ya kwanta nan za ka bi, sau ɗaya. In ka shafa daga baya ka ji ɗan kaushi, bar shi. Haka nan wajen miƙe fata. Dole ka dafe ta da ɗaya hannun don aska ta sami shimfiɗaɗɗen wuri, amma kada ka ja ta da ƙarfi, domin in ka saki, gashin da ka yanke komawa ciki yake yi.

Batun wace aska za a saya, shawarata ga sabon shiga ya fara da irin mai naɗewa da ake karya reza biyu a saka mata rabi. Ba ta son washi, kuɗinta kaɗan ne, kullum bakinta sabo. Sai dai ba ta da yafiya, kuskure kaɗan ta tsaga ka. Mai son aska ta gaske, ta ƙarfe guda, ya nemi mai faɗin 5/8 na inci, mai zagayayyen tsini, don mai kusurwa ita ke cin kunne da gefen hanci. Garuruwan da suka yi suna a ƙera ta su ne Solingen a Jamus, inda kamfanin Dovo yake tun 1906, da Thiers a Faransa, da Sheffield a Ingila. Masu ƙyalƙyalin nan masu araha da ake zubawa a tire, akasarinsu ƙarfen ba ya riƙe kaifi ko ka kwana kana wasawa. Gara askar maƙerin da wanzaman garinku ke saye a wurinsa.

Washi a dutse ba aikin ɗan koyo ba ne tukuna. Kai wa wanzami ya wasa maka, kana tsaye kana kallo. Abin da ya zama naka shi ne goga ta a jemammiyar fata kafin kowane aski. Ka ɗaure fatar ta miƙe sosai, ka kwantar da askar gaba ɗaya a kai, gadonta, wato bayanta marar kaifi, shi ne zai shige gaba, bakin yana biye. In ka kai ƙarshe, juya ta ta kan gadon, ba ta kan baki ba. Nan yara suka fi ɓata aska: juyi ɗaya ta baki, kaifin ya kwanta, fatar ma ta yanke. Kuma in ka ji aska na jan gashi tana ƙara, dakata. Dakusasshiyar aska ita ke sa mutum ya danna, dannawa kuwa ita ke kawo jini.

Mu ba mu taɓa ɗora aska a busasshen gashi ba. Jiƙa tawul da ruwan ɗumi ka rufe fuskar na minti biyu zuwa uku, ko ka yi askin bayan wanka. Sabulun salo ya isa in ka murza shi ya yi kumfa mai kauri, ba sai ka sayi na gwangwani ba. Turawa na cewa a karkata askar digiri 30. Ni abin da aka koya mini shi ne kada tazarar gadon aska da fatar fuska ta wuce kaurin gadon sau biyu. Gajeren ja, hannu sakayau, kuma ko da wasa kada ka ja ta a tsawon bakinta, wannan yanka ne ba aski ba. Makon farko tsaya a kumatu, daga saje zuwa layin gemu. Galibinku dama gemu kuke bari, layi kawai kuke fitarwa, to kun huta da haɓa, wadda ita ce wuri mafi wuya. In aska ta suɓuce, ja ƙafarka baya ka bar ta ta faɗi.

Wurin da ya ɗan yanke, jiƙa alam ɗin nan da ake tace ruwa da shi ka dafe, zai yi zafi amma jinin zai tsaya. Bayan aski ruwan sanyi, sai man kaɗe kaɗan, musamman da hunturu. Askar kuma a goge ta ta bushe ƙarau, da damina a shafa mata ɗigon man keken ɗinki, in ba haka ba tsatsa na cin bakin cikin kwana kaɗan.

Akwai maganar da ba na sassautawa a kanta: aska ba a aro, ko tsakanin wa da ƙane. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B na iya rayuwa a busasshen jini har kwana 7 ko fiye, kuma ido ba ya ganin jinin da ya maƙale a baki. Riga-kafinta na nan a asibiti, wanda bai yi ba ya je ya yi. Rezar da aka gama da ita a tara a gwangwani mai murfi, kada a watsa a juji inda yara ke yawo ba takalmi, masu jari-bola kuma na tono da hannu. Mai ciwon suga, da wanda likita ya ɗora a kan maganin tsinka jini, su tambayi likitansu kafin su fara.

Ƙwalkwabo kuwa, da ƙeya da bayan kunne, wuraren da idonka ba ya kaiwa, ku kawo mana. Ba don kuɗin nake faɗa ba, ko da yake in kun miƙo ba zan ƙi karɓa ba.

Na gode, Malam Edita, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani wanzami daga Gusau