Amsa ga Babban Injiniyan da Ya Ce An Saye Ni

Assalamu alaikum Yallaɓai,

Tambayar da ka jefo mini a bainar jama'a ta iso. Ka ce me ya sa nake ta tallata amfilifayar Doherty, na'urar ƙara wa sigina ƙarfi da ka kira tsohuwar fasaha, ga masu kafa ƙarfen sabis, alhali amfilifaya ta ajin A ce ke fitar da sigina tsaf ba murɗiya. Ka ƙara da cewa wataƙila wani kamfani ne ya cika mini aljihu. Wannan ce ta yi mini zafi. Ka san ni, ka san hannun da na koyi aiki, kuma ba ka taɓa jin na karɓi ko kwabo don in yabi kayan wani ba. Da hujja kake nema, da ka kira ni mun zauna da takarda da biro, amma ka zaɓi inda za a tafa maka.

Maganar tsufa gajeriya ce. William Doherty ya fito da tsarin a Bell Labs a 1936, don manyan tashoshin rediyo. Ajin A da kake karewa ya girme shi.

Ga inda gizo ke saƙar. Ko a takarda, ajin A ba ya mayar da fiye da kashi 50 cikin 100 na wutar da ya ci zuwa sigina, shi ma sai an tura shi iyakar ƙarfinsa. Siginar 4G kuwa tsalle take yi, ƙololuwarta kan kai ninki goma na matsakaicin ƙarfinta. Dole ka bar wa tsallen fili, ka riƙe amfilifaya desibel 10 ƙasa da iyakarta, wato a kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinta, kuma a nan ajin A ke faɗowa kashi 5. Taransistarsa na jan wuta iri ɗaya ko da kira ko babu, kamar murhun da ake ta tura wa itace ba tukunya a kai. Ragowar duk zafi ne. Taɓa ƙarfen sanyayarsa bayan rabin awa ka ji. A ƙauyen da ƙarfen sabis ya dogara da janareta, dizal ake ƙonawa a samar da wannan zafin, a sake ƙona wani don fanka ta kore shi, kuma kuɗin daga katin talaka yake fita.

Doherty taransista biyu ce. Ɗaya na aiki kullum, ɗayar na zama a kashe sai sigina ta yi tsalle ta shigo da tallafi. Da wannan dabara, a lissafi, takan mayar da kashi 78.5 na wutar da ta ci zuwa sigina tun tana desibel 6 ƙasa da iyakarta.

Murɗiya akwai ta, ban taɓa ɓoyewa ba, musamman daidai lokacin da ta biyun ke shigowa. Shi ya sa ba a barinta ita kaɗai. Ana ɗibar samfurin abin da ya fita zuwa eriya, kwamfuta ta gwada shi da abin da ya shiga, sannan ta riga ta murɗa siginar ta ɗaya ɓangaren, murɗiya biyun su kashe juna. Ƙa'idar 3GPP, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin sadarwar wayar salula, ta ce abin da tashar 4G ke zubarwa a zangon maƙwabciyarta ya zama ƙasa da nata da desibel 45, wato kusan kashi ɗaya cikin 30,000. Tashoshin duniya na cika wannan sharaɗi da Doherty kowace rana.

Abin da ya fi damuna, Yallaɓai, ɗalibanmu ne. Da yawa suna gama digiri ba su taɓa ganin sigina a fuskar na'urar auna zango ba, sai zanen allo. Wanda ya yi ƙoƙari ya karanto sabon abu, manya su tare shi da zargin cin kuɗi, gobe ya ja bakinsa ya yi shiru. Kai da ake jin maganarka, kayan awo ya kamata ka nema musu.

Ka kawo ajin A ɗinka, in kawo tawa, mu ba su sigina ɗaya a gaban mutanen da ka yi tambayar a gabansu, mu auna wutar da kowace ta ci da abin da ta zubar a gefe. Kafin nan, ina neman ka janye maganar aljihu a inda ka faɗe ta.

Wassalam,
Ƙaninka a sana'a