Wa ya sassaƙa kwalekwalen Dufuna?

Assalamu alaikum Edita,

Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan wata ɗabi'a tamu. Ɗan Adam ba ya gajiya da abin da ya shige masa duhu. Da an ɗora labarin jiragen da suka ɓace a yankin Bamuda na Tekun Atlantika a Facebook, sai ka ga matasanmu sun yi ca a kai har tsakar dare. Ban ga laifinsu ba, son sani halitta ce.

Amma ga namu nan a gida, ba mai waiwayarsa. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe, sai ya ci karo da itace a can ƙasa. Ashe kwalekwale ne mai tsawon sama da mita 8, an fafe shi daga kututture ɗaya. Masana daga jami'o'in Maiduguri da Frankfurt ta ƙasar Jamus suka tono shi, gwaji ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Babu wanda aka gano a Afirka da ya girme shi.

To su wane ne suka sassaƙa shi, tun ba a san ƙarfe ba? Wane harshe suke yi? A zamaninsu Tafkin Chadi ya ninka na yau nesa ba kusa ba, yankin da muke kuka da fari a cikinsa yanzu ruwa ne da kifi.

Don Allah Edita, ka tura wakilinka Damaturu, inda aka ajiye kwalekwalen, ya zanta da masana ya kawo mana bayani da Hausa.

Mai karatunku a kullum,
daga Potiskum